Motar Alhaji Rabo Ta Ƙi Gudu

Kwana goma sha ɗaya ke nan ba a ci tuwo da daɗin rai ba a gidan Alhaji Rabo, kuma wai duk a kan motar da ko taya ɗaya ba ta da ita a ƙasa.

Zalika ta gaji, wallahi ta gaji har wuya. Ta wuni tana fama da ɗiyan mutane a lekwal, makarantar da take karantarwa, ga zafin bazarar Dakoro da ke dafa mutum da ransa, ta dawo tana son ta ɗan miƙe ƙafa, amma tun daga bakin ƙofa take jiyo muryar babanta a zaure.

“Tahi mana, ɗiyar banza! Na taka miki wuta kina yi mani rawa? Tahi!”

Shekara talatin da huɗu Alhaji Rabo ya yi yana jan kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, Dakoro zuwa Maradi, Maradi zuwa Agadas, yau shanu gobe gero. Bara waccan hawan jini ya kayar da shi, ƙafar hagu ta ƙi aiki, likita ya ce shi da tuƙi sai dai kallo. Ya zauna gida ya koma masifaffe, har kaji sun san tarinsa. Sai babban ɗansa Amani, mai aiki a Yamai, ya aiko masa da ordinater, wato kwamfuta, irin ta kan tebur, baƙin akwati da faffaɗan ekaran mai nuna hoto, da bolan, wato sitiyari, da abin taka wuta da na birki, an kuma zuba mata wasan tuƙin kamiyo.

Da farko cewa ya yi wasan yara ne, a ɗauke masa. Kafin mako ya zagayo yana sallame Asuba zai hau kujera ya ɗauki siminti ya kai wasu garuruwan Turai da ko sunansu bai iya faɗi ba. Tsofaffin abokansa na tasha suka koma zuwa kallo, ana shan shayi ana yi masa kirari. Mutum ya dawo mutum.

Wanda ya zo ya haɗa ordinater ɗin shi ne Zakiru, mai shagon gyara a bayan tasha. A ranar Zalika ta kai masa ruwa, ya ɗago ya yi godiya, shi ke nan abin da ya faru ya faru. Wata takwas ke nan suna tare. Sau biyu yana turo a nema masa iso, sau biyu Alhaji na cewa, “Ɗan Badaru? Badarun da ya yi mani karen mota shekara tara, yana kwana ƙarƙashin kamiyona?” Bai ce a'a ba, bai ce to ba, ya dai bar maganar tana rataye. Ga kuma amininsa Malam Jimrau, dillalin shanu, da ɗansa Rashidu mai saida wayoyi a Maradi, shi ma mai neman Zalika, wanda kullum ya zo gaisuwa sai ya bar turarensa a zaure kwana biyu.

Ana cikin haka motar ta fara ciwo. In an kunna sai ta tafi sumul na ɗan lokaci, can sai hoto ya fara tsayawa yana fizga, ka juya bolan yanzu motar ta juya bayan ka riga ka faɗa rami. Sau huɗu Alhaji na kifar da tirela a gaban abokansa. Shi da bai taɓa kayar da mota ba a duniya!

Rashidu ya ce a bar masa. Kwana biyu yana danne-danne, ya zuba wasu abubuwa har uku wai masu kashe ƙwayoyin cuta, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Da ya ga zai ji kunya sai ya dafa akwatin ya girgiza kai, ya ce ai ba banza ba, an sauya katin da ke fitar da hoto, an cire mai tsada an sa tsoho. Wa ya sauya? To, wa ya haɗa?

Shi ya sa yau Laraba aka kira Zakiru ya zo ya amsa a gaban Malam Jimrau. Alhaji ya riga ya yanke: in ta tabbata ya taɓa masa kaya, kada wanda ya ƙara ambaton sunansa a gidan, kuma ranar Lahadi mutanen Rashidu su zo a yi magana.

Zalika ta jefar da jakarta a kan tabarma ta sami Inna Dela a gindin murhu.

“Inna, don Allah ke ba ki cewa komai? A ce aurena ya rataya a wuyan wasan mota? Shekarata ashirin da bakwai, ina karantar da ɗiya sittin, amma sai akwati ya yi gudu sannan in san wanda zan aura?”

“Rage murya,” in ji Inna, tana juya miya. “Ke kin san babanki. Ba akwatin ba ne, an kayar da shi ne gaban mutane.”

“To Zakiru ne ya kayar da shi?”

“Ni na ce? Na gaya wa na Yamai ya yi mashi magana, ya ce shi ba ruwanshi, shi dai ya aiko da alheri. Ɗauki ruwan nan ki kai masu, kuma ki kama bakinki. Na san halinki.”

Ta ɗauki tiren. Ta ajiye shi a zaure ta gaida Malam Jimrau, ta yi kamar ba ta ga Rashidu ba, wanda ya miƙe ƙafa yana kaɗa makullin mota. Zakiru na durƙushe a gefe da ƴar jakarsa ta kayan aiki, kansa a ƙasa. Ta koma bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida ta tsaya, don ko za a yanka ta ba za ta matsa daga nan ba.

“To, ga ka ga abin,” in ji Alhaji. “An ce ka sauya mani kati. Mi ka ce?”

“Baba, kwalin da katin ya zo a ciki yana nan?”

Yana nan mana, Alhaji ba ya yar da kwali. Aka jawo shi daga ƙarƙashin gado. Zakiru ya kwance murfin gefe na akwatin, ya haska da fitilar wayarsa, ya roƙi Malam Jimrau ya matso. Ya karanta lambar da ke jikin katin ɗaya bayan ɗaya, Malam Jimrau na bi da yatsa a jikin kwalin. Har ƙarshe ba inda suka saɓa.

Zalika ta saki numfashi. Ta leƙa ta ga fuskar Rashidu, ta ji wani sanyi a ranta.

“Lamba ai ana liƙa ta,” in ji Rashidu. “Mu da muke harkar mun sani.”

Kai, jama'a! Zalika ta ciji leɓe. Mutum ya kwana biyu bai iya gyara ba, amma bakin nan nasa bai yi pan ya tsaya ba.

Zakiru ya kashe fitilar wayarsa. Ya juya wurin Alhaji.

“Baba, tun ana kunnawa take fizga, ko sai an ɗan jima?”

“Sai na yi tahiya. In na bar gari na hau babban titi, nan take hwara iskanci.”

“Da safe da rana duk ɗaya?”

“Da rana ta hi.”

“Ƙara hwa? Akwatin na ƙara?”

“Kamar injin niƙa.”

Ya gyaɗa kai. Ya zagaya baya ya duba wayar ekaran, ya tabbatar a jikin katin take ba a ramin sama ba. Ya kunna, ya buɗe wani allo mai jerin sunaye, ya nuna abubuwan nan uku da Rashidu ya zuba.

“Waɗannan kowane na binciken ɗan'uwanshi, sun cinye rabin ƙarfin injin. Ɗaya ya isa. In cire biyu?”

“Kada ka taɓa su!” Rashidu ya zabura. “Da kuɗina na saye su.”

“Cire,” in ji Alhaji.

Ya cire. Ya sake kunnawa, ya rage kyan hoton wasan zuwa tsaka-tsaki, ya sa wasu lambobi biyu suka fito a kusurwar ekaran, ya ce Baba ya ja. Alhaji ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya kama bolan. Motar ta fita daga gari lafiya lau, itatuwa na wucewa. Malam Jimrau har ya fara cewa “madalla”. Ba a yi minti goma ba akwatin ya ɗauki ƙugi, hoto ya tsaya, ya fizga, ya tsaya, tirela ta hau kan shingen hanya ta kwanta.

Alhaji ya daki tebur har kofin shayi ya yi tsalle.

“Ka gani? Ka gani ko? Na biyar ke nan!”

“Ashe gwanin ma bai iya ba,” in ji Rashidu, yana dariya ƙasa-ƙasa.

“Na gani, Baba,” in ji Zakiru, yana nuna kusurwar ekaran. “Wagga lamba zahin ƙwaƙwalwar injin ce. Da ka tashi tana hamsin, yanzu ta kusa ɗari. In ta yi zahi haka da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ba katin ba ne, ba cuta ba ce. Zahi ne.”

Alhaji ya gyaɗa kai, don wannan yaren ya san shi.

“Radiyater ke nan.”

“Shi ne, Baba. Akwai ƙarfe mai hwanka da ke zaune a kanta yana janye zahin. Sai na ɗaga shi na gani. Amma kahin nan, tun da na haɗa an sake buɗe akwatin?”

“Ba wanda ya buɗe.”

“Ko da sau ɗaya, don a share?”

“Kai, yaro, kurma ne kai? Na ce ba wanda ya buɗe! Jimrau, kai shaida ne, Amani ya hana a taɓa, ni kau ba na wasa da kayan da ban sani ba. Hannunka ne na ƙarshe a cikin akwatin nan.”

Zakiru ya kashe, ya zare wayar kuran mai kawo wuta, ya jira ya huce. Ya sa hannu zai kwance ƙarfen sai ya tsaya, ya taɓa shi da yatsa, ƙarfen ya yi lilo. Daga cikin ƙafafunsa huɗu biyu ne kawai a danne. Ya ɗaga shi a hankali ya juyo da gindinsa.

Wari ya riga kowa magana. Baƙin abu ne mai yauƙi, ya narke ya gangara gefe, ya bar tsakiyar a bushe. Duk wanda ya taɓa wucewa ta garejin mota ya san warin nan.

“Giris!” Malam Jimrau ya toshe hanci. “Girisin mota a cikin ordinater?”

Zalika ta damƙe labulen. Nan take ta tuna. Mako biyu da suka wuce, ranar da aka tashe su lekwal da wuri, ta shigo ta tarar da Baba shi kaɗai, akwatin a buɗe a kan cinyarsa, ga tsumma, ga tsohon gwangwanin girisinsa. Yana fara'a ya ce mata inji kowane iri ne yana son bidanj, wato a sauya masa mai, wata takwas ba a duba shi ba, ya sami wani busasshen farin abu ya kankare ya sa mai na gaske. Ya ce kada ta gaya wa Amani. Ita kuwa ta yi dariya ta wuce, don me ta sani a kan cikin akwati? Kwana uku bayan nan motar ta fara ciwo.

Ta dubi babanta ta gefen labule. Ya ƙura wa ƙarfen ido. Ya gane. Wallahi ya gane, sai yanzu ya haɗa wannan da wancan.

Rashidu ya tafa hannu.

“Allahu akbar! Gaskiya ta yi halinta. Baba ya ce ba wanda ya buɗe, to wa ya sa? Ya ɓoye man na ainihi ya shafa na gareji. Wanga ne za a ba amanar mutum, wanda amanar akwati ta gagara?”

Zakiru ya dubi girisin, ya ɗago ya dubi Alhaji. Zalika ta ga idanunsu sun haɗu, ta ga Alhaji ya kawar da nasa. Ta ce a ranta, faɗi mana, Zakiru, ka san ba kai ba ne, buɗe baki ka faɗi.

“Ni na sa, Baba,” in ji Zakiru. “Ranar nawa man ya ƙare, na yi ganganci. A gahwarce ni.”

Saura kaɗan ta yi ihu. Ta danne bakinta da gyale.

“To,” in ji Malam Jimrau, yana gyara hula. “Ka ji da kunnenka, Alhaji.”

Alhaji ya sunkuyar da kai yana shafa bolan.

Zakiru ya nemi a ba shi ruwa ya wanke hannu kafin ya sa sabon mai. Aka ce ya shiga daga ciki, akwai buta a bakin ƙofa. Yana ɗaga labule ya yi kiciɓis da ita. Ta ja hannun rigarsa zuwa bayan katanga, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Kana da hankali kuwa?” Hawaye sun riga sun zubo mata. “Mi ka yi yanzu? Ni na gan shi da idona, shi ya shafa!”

“Na sani. Yi a hankali, za su ji.”

“Ka sani? Ka sani ka ce kai ne?”

“Zalika, tsoho ne. Ya rantse gaban amininshi ba wanda ya buɗe. In ce mi? In ce Baba ƙarya kake?”

“To ni ka kashe ni ke nan! Lahadi za su zo, Zakiru, Lahadi! Wata takwas ina shan habaici a gidan nan saboda kai. Na kori na kora, na yi rashin kunyar da ban gada ba. Yau Allah ya wanke ka tas, kai kuma ka ɗebo baƙin mai ka shafa wa kanka?”

Ya zuba ruwa a hannunsa, girisin ya ƙi fita. Shi ma idanunsa sun kaɗa.

“Ƙahwa ta tahi, mota ta tahi. Abin da ya rage mashi a garin nan shi ne a ce Alhaji Rabo ya san inji. In na karɓe wannan yau, ko ya ba ni ke ba zai ƙara iya kallona ba. Ya san gaskiya, na ga idonshi. Ki ba shi lokaci, shi da kanshi za ya gyara.”

“Ba ka san Baba ba. Ya gwammace ya haɗiye garwashi da ya ce na yi kuskure.”

“Ubana ya zauna da shi shekara tara. Ya ce mani in Alhaji ya ɓata hanya ba a gaya mashi, shiru ake yi, can sai ka ga ya juyo da kanshi yana zagin hanyar.”

“Ni ba karen motarshi ba ce!”

“Don Allah, Zalika. Don girman Allah ki bari.”

Ta sake shi. Ta ji kamar ta kwaɗa masa butar a ka. Wannan wane irin mutum ne Allah ya haɗa ta da shi? Ga mai baki ba aiki a zaure, ga mai aiki ba baki a nan, ga tsoho mai taurin kai a tsakiya, ita kuma an bar ta tana kallon rayuwarta ta bayan labule.

Ya koma ciki. Ta bi shi da ido ya goge baƙin man da auduga da alkol, ruwan nan na wanke ciwo, har ƙarfen ya yi ƙyalli, ya matso ɗan ɗigon farin mai kamar ƙwayar wake, ya mayar da ƙarfen ya danna ƙafafun huɗu har kowace ta yi ƙas. Ya hure fankar, ya rufe, ya matsar da akwatin daga jikin bango don ya sha iska, ya kunna.

Alhaji ya ja. Minti goma, minti ashirin, rabin awa. Lambar zafi ta tsaya wajen saba'in ta ƙi hawa. Akwatin ya yi tsit, motar na shan kwana tana hawa tudu kamar ba ita ba. Da a ce jiya ne da tuni Alhaji ya cika zauren da kirari. Yau tuƙi kawai yake, fuskar nan a murtuke, bai ko ƙyafta wa kowa ba.

“To alhamdu lillahi,” in ji Malam Jimrau, ya miƙe yana kaɗe riga. “Mai ɓatawa ya gyara, Allah ya shirye shi. Mu dai maganarmu tana nan ko, Alhaji? Lahadi bayan la'asar?”

Zalika ta kafe babanta da ido. Yanzu ne. In zai juyo, yanzu ne zai juyo.

Alhaji ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi Zakiru da ke tattara kayansa, ya dubi Malam Jimrau, ya yi gyaran murya.

“Jimrau,” ya ce, “dama…”

Sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo, Rashidu ya fara murmushi yana kaɗa makullinsa, Malam Jimrau ya ce, “To shi ke nan, Allah ya kai mu.” Zalika ba ta san lokacin da ta banko labulen ba.

“Wallahi ba shi ba ne!”

Duk suka juyo.

“Zalika!” in ji Zakiru. “Kada…”

“Ka ƙyale ni! Baba Jimrau, ba Zakiru ya sa giris ba. Baba ne ya sa! Ni na gan shi ranar Laraba waccan, akwatin a cinyarshi, gwangwanin a gefe, ya ce bidanj yake yi mata. Gwangwanin na nan bayan randa, a je a duba! Baba, ka ji tsoron Allah, kana ji ana kiran ɗan mutane maci amana kana zaune? Kai ka ɓata abinka da hannunka, ka hana gida barci kwana goma sha ɗaya, ka rantse ba wanda ya buɗe, yanzu kuma da aurena za ka biya?”

Ta tsaya tana haki. Sai da maganar ta gama fita sannan ta ji ta da kunnenta.

Rashidu ne ya fara, dariya ta kufce masa, ya yi saurin mayar da ita tari. Malam Jimrau ya dubi amininsa na shekara arba'in, ya sunkuyar da kai yana neman takalmansa. A ekaran motar ta ci gaba da tafiya ita kaɗai har ta sauka daga titi, ba wanda ya kula.

Alhaji ya cire hannunsa daga bolan ya ɗora a cinya. Zalika ta yi tsammanin tsawa, har ta shirya mata. Amma da ya yi magana muryarsa a ƙasa take.

“Gaskiya ta hwaɗa, Jimrau. Ni na sa. Abin da na buɗe baki in gaya maka ke nan, ina neman ta inda zan hwara.”

Zalika ta ɗora hannu a ka.

“Ka yi haƙuri da maganar Lahadi,” in ji Alhaji. “Ba ta yiwuwa. Ɗanka ya ɗora wa yaron nan sata, ni na biye mashi.”

Malam Jimrau bai ja ba. Ya yi sallama a gajarce, ya tura ɗansa gaba suka fita. Zauren ya rage su uku, sai Inna da ta taso da gudu ta tsaya a bakin labule da ludayi a hannu.

“Ɗan Badaru.”

“Na'am, Baba.”

“Ka yi mani abin da ɗan halak ke yi. Ka ɗauki ƙazantata ka aza a kanka don kada a gan ni tsirara. Ka turo mutanenka.”

Zalika ta durƙusa, hawaye na zuba, ta buɗe baki za ta yi godiya.

“Amma ba nan ba,” in ji Alhaji. “Su tahi Kornaka wurin ƙanena, shi za ya ba ka ita. Sadaki, sa rana, ɗaurin aure, duk shi. Ni ba ni zuwa, ba ni sa baki. Kai ka cancanta, shi ya sa na ba ka. Amma ɗiyar da ta tsaya gaban baƙi ta ce in ji tsoron Allah, ta nuna masu inda gwangwani yake, ban san da wane bakin zan sa mata albarka ba.”

“Baba, don Allah,” in ji Zakiru, ya matso a kan gwiwoyinsa. “Zahin rai ne, saboda ni ta yi…”

“Tashi ka tahi, kada ka ɓata naka.”

Zakiru ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dube ta, ta ga ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi. Ya fita.

“Baba,” in ji Zalika. “Baba, na tuba. Ban san za ka hwaɗa ba. Wallahi da na sani… Baba, ka dube ni. Ka zage ni, ka buge ni, amma ka dube ni.”

Bai dube ta ba. Ya juya kansa wajen labule.

“Dela, daga yau in tana da magana da ni ta ba ki ki kawo.”

“Baba!”

Inna ta ajiye ludayin a ƙasa. Ta zo ta kama ta a kafaɗa, ita ma fuskarta jiƙe da hawaye, ta ɗago ta da ƙarfi.

“Tashi,” ta ce. “Ai kin samu mijin.”